Gishirin Foga a Bakin Rijiyar Jamusawa

Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar da baƙi. Gidanmu yana bayan kasuwar Gaya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin zaurenmu babu baƙo ba. Fatake daga Kamba, masu doya daga Malanbil, direbobin kamyo da ke jiran takardun duwan, wato kwastan, duk nan suke shimfiɗa tabarma. Abin da na fi riƙewa daga wancan zamani shi ne yadda ake barin mutum a gari. Idan wani ya zo da ƙanensa ko matarsa, shi kuma zai wuce gaba, ba ya ɗaga hannu kawai ya kama hanya. Zama yake yi gaban Baba, ya ajiye ɗan abin gaisuwa, ya kama hannun wanda zai bari ya sa cikin na Baba, in mace ce cikin na mahaifiyarmu, ya ce ga amana. Sai a amsa masa da na karɓa. Daga nan ciwon kan mutumin nan ya zama na gidanmu, haka yunwarsa, haka rigimarsa da ƴan kasuwa, har ranar da aka dawo aka ɗauke shi.

A cikin wannan na tashi, na yi koyarwa a lakwal har gashina ya yi fari, na ajiye alli. Ina ganin na san duniya daidai gwargwado. Sai ɗiyata ta je ta zauna inda sanina bai kai ba. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, a nan ma ba za ku ji shi ba. Ta karanta aikin jinya a Yamai, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a wani ɗan ƙauye na ƙasar Jamus. Mijinta ɗan Yelu ne, yaro mai ladabi, amma direban babbar mota ne da ke ƙetara ƙasashe, sai ƙarshen mako ake ganinsa, wani makon ma ba a gani.

Da ta gaya mini tana da ciki, na fara neman biza don in je wankan jego. Aka ba ni, amma kwanakin da aka rubuta za su ƙare tun kafin watan haihuwa ya kama. Na yi faɗa da takarda, na yi faɗa da ƙanena da ya raka ni Yamai, wanda ba shi ya rubuta ba. Ɗiyata ta ce in zo hakanan, ganin ido ma wani abu ne. Na yarda, amma tun daga ranar na san abin da zai kai ni. Haihuwar fari ce, miji yana kan hanya, uwa za ta koma gida. Dole in samo wanda zan damƙa wa yarinyar nan kafin in bar ƙasar.

Na cika jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kanwar kunu. Sannan na je wurin wata mata ƴar garin Bana da ke zama bakin rumfar masu tabarmi, na sayi dunƙulen gishirin Foga, irin mai duhun nan da ake naɗewa cikin kaba. Wannan ba na miya ba ne. Na mai gari ne, don ba a zuwa gaban mai gari hannu sake, kuma goro zai bushe kafin in isa.

Ƙauyen yana cikin wani kwari, da ɗan rafi yana ratsa shi, da coci mai dogon hasumiya a tsakiya. Tsaf yake, ko ledar ruwa ba ka gani a ƙasa. Abin da ya fara damuna shi ne shiru. Ba kukan akuya, ba sakwara, ba yara a titi, ba mai talla. Mutum zai wuce ka da karensa, ya ɗan sunkuyar da kai, shi ke nan an gaisa. Ni da na saba in tambayi mutum gida da gajiya da sanyi da iyali, sai in buɗe baki in ga har ya sha kwana.

Washegarin zuwana, bayan mun karya, na tambaye ta wane ne mai masaukinta. Ta ce babu, wurin aiki ne suka nemo mata ɗakin, aka miƙa mata makulli. Na ce to ina gidan mai gari. Ta ce an daɗe da haɗe ƙauyen da wasu ƙauyuka, magajin garin yana can wani gari a ofis, sai an nemi randebu an sa maka rana ake ganinsa, kuma ba ya karɓar gaisuwa. Na ce to wa ya sari garin, ina zuriyarsa. Nan ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na ce maƙwabta fa? Ta ce ta san motocinsu. Abokan aikinta mutanen kirki ne, amma kowa daga wani gari yake zuwa, a tashi aiki ya koma.

"To in naƙuda ta taso miki ke kaɗai, ƙofar wa za ki buga?"

"Inna, nan lamba ake kira, mota ta zo ta ɗauke ki. Ba a buga ƙofar kowa."

 Na san mota za ta zo, ba ƙauyanci ke damuna ba. Amma mota ba ta riƙe hannu, ba ta kuma dawowa da safe ta ga ko kin ci abinci.

A wurinmu, daga Bana har Karakara, ko wace tunga ka shiga, yaro ƙarami zai gaya maka wanda ya sari wurin. Kuma in kana son sanin gidansa ba sai ka yi tambaya ba, tsohuwar rijiya za ka nema. Wanda ya fara haƙa rijiya shi ne mai wuri, jikokinsa ke gyara bakinta ko da an daina sha. Na ce a raina mutum ai mutum ne, ko Bajamushe sai da ya sha ruwa kafin ya gina coci. Ɗiyata na tafiya aiki, na sa rigar sanyinta a kan zanena na fita neman rijiya.

Ban sha wuya ba. Tana nan gefen cocin, ƙarƙashin wata babbar itaciya, an yi mata ƴar rumfa ta katako, an rufe bakin da ragar ƙarfe, an kewaye ta da tukwanen furanni. Ga kuma wata tsohuwa, ƴar gajera, da farin gashi da takalmin roba, tana ba furannin ruwa, tana tsinke busassun ganye. Na zauna kan benci ina kallonta. Washegari na dawo, ita ce. Jibi ma ita ce. Na gaishe ta da Hausa, ta amsa da nata yaren. Na gwada Faransanci, ta girgiza kai tana murmushi. Na lura duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce mata wani abu, har mai karen nan da ba ya tsayawa kowa. Sai na gama lissafina, na ce wannan ita ce jinin mai gari.

Fitar da ɗiyata zuwa wurinta sai da aka kai ruwa rana. Ta ce nan ba a faɗa wa mutum gida haka kawai, kuma ba a ba wanda ba a sani ba kyauta, za a ɗauka wani abu kake nema. Na ce ai wani abu nake nema. Ta ce zan ba ta kunya a garin da za ta ci gaba da zama bayan na tafi. Na ce kunyar ta fi mini sauƙi a kan in hau jirgi in bar ta ba kowa. Daga ƙarshe muka daidaita a kan ba za mu je gida ba, a bakin rijiya za mu same ta, ranar da ɗiyata ba ta da aiki.

Na ɗora gishirin kan faifai, na rufe da sabon ƙyalle. Muka same ta tana aikinta. Na ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manya, na miƙa da hannu biyu, na ce wa ɗiyata ta gaya mata baƙuwa ce daga Gaya ta kawo gaisuwa. Ta faɗa da ƙaramar murya, tana kallon ƙasa. Tsohuwar ta goge hannu a jikin rigarta, ta ɗaga ƙyallen, ta taɓa kabar, ta tambaya mene ne. Aka ce mata gishiri ne. Ta sake tambaya, aka sake gaya mata. Sai ta zauna a bakin rijiyar da faifan a cinyarta, can sai na ga hawaye na bin fuskarta.

Na yi tsuru-tsuru. Na ɗauka a wurinsu gishiri zagi ne, ko abin da ake kai wa gidan mutuwa. Ɗiyata ta yi mini kallon da ke cewa ai na gaya miki. Ina shirin ba da haƙuri sai tsohuwar ta miƙe, ta rungume faifan a ƙirji, ta yi mana alama mu biyo ta.

Gidanta ba ya kusa da cocin, inda na zaci gidan mai gari zai kasance. Can ƙarshen ƙauye yake, cikin wani layin ƙananan gidaje masu kama da juna. Ta zaunar da mu a ɗakin girki, ta dafa kafe, ta yanka mana wani abin zaƙi na tuffa. Sannan ta fara magana, ɗiyata na juya mini da Hausa, wani lokaci ta manta da ni ta yi ta saurare sai na zungure ta.

Ashe ba a ƙauyen aka haife ta ba. Bayan babban yaƙin Turawa aka kore su daga garuruwansu na can gabas, ta zo tana ƙaramar yarinya tare da uwarta, da amalanke da ƙafa da jirgin ƙasa, da abin da za su iya ɗauka kawai. Hukuma ta rarraba irinsu a gidajen manoma, ko mai gida ya so ko bai so ba. Su aka sa su a wani ɗaki a saman garken shanu. Ta ce a al'adar ƙasar, in mutum ya tare a sabon wuri, waɗanda ya tarar su ke kawo masa burodi da gishiri, alamar an karɓe shi, da fatan kada abinci ya yanke a gidan. Uwarta ta share ɗakin, ta shimfiɗa ƙyalle kan akwati, ta jira. Ba wanda ya hawo. Har uwar tata ta tsufa ta rasu a ƙauyen, in an yi maganar zuwansu sai ta ce ko gishiri ba a kawo musu ba.

Kun ga abin da na yi. A wurinmu baƙo ke kai wa mai wuri gaisuwa. A wurinsu mai wuri ke kai wa baƙo gishiri. Ni da na kwana ƴan kwanaki a ƙasar, da rigar aro, na je na yi wa matar da ta haura shekara tamanin maraba da zuwa garinta. Kunya ta rufe ni. Amma ita ba ta ga abin kunya ba, sai shafa kabar take yi tana cewa ya yi latti amma ya iso.

Daga nan ta buɗe mana tarihin ƙauyen, tana nuna hotunan da ke jikin bango. Lokacin da suka zo, kowane gida da shanunsa da gonar dankalinsa, akwai injin niƙa da ruwan rafi ke juyawa, akwai maƙeri, akwai lakwal mai aji ɗaya. Baƙin suka yi ƙwadago a gonakin mutane. Da aka ga ba za su koma ba, sai aka ba su wani fili mai danshi da ba wanda ke so. Suka yi gayya, yau a ɗaga bangon wannan, gobe na wancan, har layin ya tashi. Ta ce har yau sabuwar unguwa ake kiransa, alhali an sake rufin gidajen tun tuni. Na ce wa ɗiyata ta gaya mata mu ma muna da irinta, tungar da kakan kaka ya kafa amma har gobe sabuwa ce.

Sai aka jawo famfo cikin gidaje, aka rufe rijiya. Aka zuba kwalta, wata masana'anta ta buɗe a babban gari ta kwashe samari. Manoma suka sayar da shanu ɗaya bayan ɗaya, gonaki suka koma hannun mutum biyu ko uku masu manyan tarakta. Injin niƙa ya tsaya, aka rufe lakwal aka koma kai yara wani gari a mota, mai kanti ya mutu ba wanda ya gaje shi. Ƴaƴan tsofaffin gidajen, waɗanda kakanninsu ke kwance bayan coci, suka sayar suka tafi birni. Babban gidan gonar da aka sauke su kuwa, shi ne aka gyara aka mayar gidan kula da tsofaffi. Nan ɗiyata ta daina fassara, ta yi mata wata tambaya, ta juyo gare ni ido buɗe. Ɗakin saman garken, ta ce, shi ne inda suke ajiye zannuwan gado, kullum sai ta hau shi.

Na tambayi rijiyar. Ta ce tana yarinya sai ƴan gari sun gama ɗiba sannan su baƙi su matso da bokitinsu. Da aka rufe ta, ciyawa ta cinye wurin, ba wanda ya kula. Wata rana ta kai tukunyar fure guda ta ajiye, ba wanda ya hana ta, sai ta ƙara. Na ce to wa ya sari garin? Ta yi dariya ta ce ba wanda ya sani, an dai ce wasu manoma ne suka biyo rafi tun zamanin da ba a rubutu. Waɗanda suka fara ba ta san su ba, in ji ta, amma waɗanda suka rage ta san kowa har da ranar da aka haife shi.

Muka koma gida jikina a sanyaye. Labarin ya taɓa ni, amma ni ba labari na zo nema ba. Gishirin mai gari ya tafi hannun baƙuwa irina, tsohuwa mai zama ita kaɗai, mijinta ya rasu, ɗanta yana birni. Kwanakina na ta raguwa. Ɗiyata ta dafa mana tuwo da miyar kuka, muka ci.

Da hantsi washegari aka buga ƙofa. Ɗiyata ta ce tun da ta tare, ban da mai kawo saƙo ba wanda ya taɓa buga ƙofar nan. Ta buɗe, sai ga tsohuwar da rigar fita, ta gyara gashi, ɗauke da faifaina. A kai akwai burodi mai zafi da ta gasa da kanta, da ɗan gutsuren da ta ɓantaro daga gishirina. Ba ni ta miƙa wa ba, ɗiyata ta miƙa wa. Ta ce ta daɗe tana ganinta tana wucewa zuwa aiki, ta ga cikin yana girma, ya kamata a ce ta zo tun tuni, amma ita ma ba a koya mata yadda ake yi ba.

Ban bari ta zauna da kyau ba. Na ce wa ɗiyata ta gaya mata zan koma gida, ina so in bar mata ita amana.

"Inna, mi kike so in ce mata? Matar ga ta tsufa, ni ya kamata in duba ta. Kuma kalmar ma babu irinta a bakinsu."

"In babu, ta ji tamu."

Na kama hannun ɗiyata na sa cikin hannun tsohuwar, na haɗa na riƙe da nawa biyu, na ce, "Ga amana." Ta maimaita kalmar a hankali, ta dubi ɗiyata. Yarinyar ta daɗe tana bayani. Ban san me ta ce ba, na dai ji ta ambaci Gaya, na ga ta nuna ciki, ta nuna ni, ta nuna sama inda jirgi ke bi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce wani abu gajere. Ɗiyata ta ce ta yarda. Na ce ba haka ake yi ba, sai ta faɗa da baki. Sai da muka yi ta maimaitawa kamar ƴan aji ɗaya kafin ta iya cewa na karɓa, kuma ko da ta faɗa, ɓa ɗin nan bai fito ba. Na ce ya wadatar.

A kwanakin da suka rage na ga abin da ban yi zato ba. Matar da na raina wa ƙarfi ta ɗauki ɗiyata gida gida, ni ina biye kamar jela. Ba ta neman randebu. Ta buga, a buɗe, ta ce wa ƙaton mutum mai gemu wani abu, sai ka ga ya koma yaro, don ita ta yi renonsa lokacin da uwarsa ke gona. Haka muka san mai taraktan da ke share ƙanƙara a titi, da matarsa, da wata da ta yi aikin ungozoma kafin ta huta, da mai karen nan, wanda ashe yana da baki. Ranar tafiyata ta rako ni har bakin mota, ta cusa mini tuffa a aljihu.

Na dawo Gaya, jikina a nan, hankalina a can. Ina zuwa biki, ina zuwa gaisuwar mutuwa, salula na ƙulle a bakin zane. Maƙwabta suna tambaya wa na bar wa yarinya, in ce wata tsohuwa. Ƴar uwar mijin ce? A'a. Musulma ce? A'a. To wace ce? Sai in ce mai rijiya ce.

Ranar ta zo da safe, ina shanya shinkafa a tsakar gida. Ɗiyata ta kira ta ce abin ya taso, kuma tun kafin lokacin da aka sa rai. Mijin yana wata ƙasa da kaya. Ƙanƙara ta zuba ta rufe hanyar da ke fita daga kwarin, motar likita ta ce tana tafe amma a hankali. Ina jin numfashinta, sai layi ya yanke. Na kira, na sake kira, ba ya shiga. Na bar shinkafa ga kaji, na shiga ɗaki na shimfiɗa sallaya. Ban iya haɗa addu'a mai tsawo ba, abu ɗaya nake ta faɗa, Allah ga amana, Allah ga amana. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar a wurin, ƙanwata na zaune bakin ƙofa.

Bayan la'asar salula ta yi ƙara, kiran hoto. Na danna, sai ga fuskar tsohuwar ta cika gilashin, ta matso da shi har hanci kawai nake gani da ido ɗaya. Ta ce, "Amana." Sannan ta juya shi. Ga ɗiyata kwance, a gajiye, tana murmushi, ga jaririya a ƙirjinta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, ƙanwata ta ƙwace salular tana guɗa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da layinmu ya yanke, ɗiyata ba ta tsaya jiran motar likita ba, tsohuwar ta kira. Kafin a jima mai tarakta ya fito yana ture ƙanƙara, matarsa na biye da mota, tsohuwar ungozoma na baya riƙe da ɗiyata, har suka haɗu da motar likita a bakin babbar hanya. A likita, wato asibiti, aka tambayi tsohuwar ita wace ce ga mai naƙuda, don dangi kawai ake bari su shiga. Ta ce uwar yarinyar ce ta sa hannunta cikin nata, kuma ba ta ga wanda zai cire shi ba. Aka bar ta ta shiga.

Wankan jego dai ba a yi shi yadda na so ba, ba ganye, ba tukunyar ruwa a kan murhu. Amma kullum da safe ana buga ƙofar nan. Tana kawo romon kayan lambu, ta karɓi jaririya don uwar ta yi barci. Ɗiyata ta koya mata dama kunun kanwa, ta dama tana yamutsa fuska, ta ɗanɗana sau ɗaya ba ta ƙara ba. Aka yanka rago a Yelu ranar suna, muka nuna mata ta salula, ita kuma ta nuna mana abin zaƙin da ta gasa, da maƙwabta cike da ɗakin da a da ba mai buga ƙofarsa. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan, kuma na gode wa Baba da ya bar ni ina laɓewa bakin zaure ina kallon yadda ake karɓar mutum.

Yanzu jikata ta fara tafiya, Oma take kiran tsohuwar, wato kaka, ni kuma kakar cikin salula. Ina kishi, ba zan ɓoye ba. Ƙafafun tsohuwar sun yi nauyi, ɗiyata ke ɗaukar mata butar ban ruwa zuwa rijiya, ita ta zauna kan benci tana ba da umarni. An gina sababbin gidaje bayan sabuwar unguwa, wasu iyalai sun tare, wasu daga birni, wasu daga ƙasashen da ake yaƙi. Duk gidan da aka kunna wuta a ciki, su biyun sai sun je da burodi da ɗan gutsuren gishirin nan a kan faifaina.

Kwanan baya ɗiyata ta kira ni, muka gama gaisuwa, na ji jikata na ƙiriniya a bayanta. Sai ta ce, "Inna, Oma ta ce in gaya miki gishirin ya ƙare. In kin samu mai zuwa, ki aiko da wani."

Na yafa mayafi na nufi rumfar masu tabarmi. Ƴar Bana na nan inda na bar ta. Na ce ta zaɓo mini babba, wanda ya bushe sosai, don tafiyar da nisa.